Sana'ar Da Ake Ji Ba A Gani: Mai Haɗa Kiɗan Fim Da Mabushin Sarewa

 Yau za mu leƙa wata sana'a ce da kusan kullum take shigo miki har tsakar ɗaki, amma da wuya ki taɓa tambayar mai yin ta. Duk fim ɗin da kika kalla, na Hausa ne ko na Indiya, a talabijin ko a waya, akwai wani sauti da ke bin bayan 'yan wasa. Shi ne yake sanar da ke mugu ya kusa shigowa tun kafin ki ga ƙeyarsa, shi ne kuma yake matso miki ƙwalla idan an zo fitar da amarya daga gidan iyayenta. Ɗan wasa kin san sunansa, mawaƙi kin san muryarsa. To wanda ya zauna ya tsara wancan sautin fa? Sunansa yakan wuce ne a can ƙarshen fim cikin ƙananan rubutu, lokacin da kin riga kin miƙe kin nufi madafa.

Mun ɗauko wannan magana ne saboda iyaye mata, musamman na unguwannin da ke ƙetaren kogin Kaduna, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa. A da, uwar da ke zaune a Kakuri ba ta cika fargabar abin da ɗanta zai yi bayan makaranta ba. Ga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, ga UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya a shekarun 1960, ga kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975. To amma KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, aka wayi gari an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Jariran da aka haifa a waɗancan shekaru su ne samarin yau, kuma kowannensu da kansa yake ƙirƙirar abin yi: wani tuƙin Keke Napep, wani gyaran waya, wani ɗinki, wani kuma zaman situdiyo. Don haka ba abin mamaki ba ne wata rana naki ya durƙusa a gabanki ya ce, "Mama, ni fa kiɗan fim nake son koya." Kafin ki ce masa e ko a'a, ya kamata ki san mece ce sana'ar, ina ribarta take, ina kuma ramukanta suke.

Mene ne ainihin aikin?

Kiɗan fim iri biyu ne, kodayake mutane sukan cakuɗa su. Na farko shi ne na waƙoƙin da ake rerawa a cikin fim. Wannan tun kafin a fita ɗaukar hoto ake gama shi: mawaƙi ya zo situdiyo da baitocinsa da karin da yake so, makaɗi ya ɗora masa kiɗa, a naɗa, sannan 'yan wasa su hau kai. Na biyu shi ne wanda ke tafiya a ƙarƙashin labari ba tare da an rera komai ba, wato kiɗan bayan fage. Shi kuma sai an gama komai ake zuwa kansa. Idan mai tace hoto ya gama yanke-yankensa, sai darakta ya zauna da mai kiɗa su bi fim ɗin fitowa bayan fitowa, suna tsayar da inda kiɗa zai shiga da inda zai ɗauke. Aiki ne na ƙidayar daƙiƙa. Alal misali, idan daga lokacin da uwar miji ta ɗaga labule zuwa lokacin da ta buɗe baki daƙiƙa 12 ne, to duk abin da mai kiɗa zai faɗa da kayan kiɗansa dole ya fara ya ƙare a cikin 12 ɗin nan.

Babban sirrin aikin kuwa ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, domin shi ne abin da muke kira take. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, haka mahauta da maƙera da manoma a wurin gayya. Ko ba ki ga mutum ba, da kin ji takensa kin san wanda ke tafe. To haka gwanayen kiɗan fim suke yi a ko'ina cikin duniya. Sukan yanka wa kowane jigo a cikin labari ɗan gajeren takensa, su riƙa maimaita shi suna sauya masa kama. Ranar farin ciki a kaɗa shi da zafi, ranar da aka yi rashi a busa shi a hankali da sarewa ita kaɗai. Gwani kuma ya san inda ake yin shiru. Sau nawa kika kalli fim kiɗa ya danne maganar 'yan wasa har kika rasa abin da aka ce? Wannan aikin wanda ya iya taɓa na'ura ne amma bai koyi sana'ar ba.

Sai kuma ki sani, yawancin masu wannan aiki zaman kansu suke yi. Babu albashin ƙarshen wata, babu fansho, ranar da mutum ya kwanta ciwo kuma aljihunsa ma ya kwanta. Wani watan ayyuka uku su haɗe masa har ya rasa barci, wani watan wayarsa ko ƙara ba za ta yi ba. Shi ya sa da wuya ki ga wanda ya dogara da fim kaɗai. Yakan haɗa da tallan rediyo, da waƙoƙin biki, da shirye-shiryen wayar da kai, da kakar siyasa idan ta zagayo, da koyar da na baya.

Daga gidan rediyo zuwa fiyano

Kaduna ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan aka kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, kuma daga nan ne wasannin su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da marigayi Ƙasimu Yero suka shiga gidajen jama'a. Kowane shiri yana da kiɗan buɗewarsa, wanda da yara sun jiyo sai su sheƙo a guje. A 1980 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna wasan nan na noma mai suna Cock Crow at Dawn, wanda aka ɗauka a wajajen Jos, Ƙasimu Yero na cikin taurarinsa. Waƙar buɗe shirin Bongos Ikwue ne ya yi ta, mutumin Otukpo da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. An daɗe da daina nuna shirin, amma har yau waɗanda suka taso a lokacin suna tuna waƙar da mai ita.

Finafinan bidiyo na Hausa kuwa sun soma ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Cikin shekarun da suka biyo baya sai situdiyoyin Kano, irin su na Iyan-Tama, suka rungumi na'urar nan ta kamfanin Yamaha da muke kira fiyano, wadda aka cusa wa muryoyin ganguna da sarewa da sauran kayan kiɗa a cikinta. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1990, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai cewa waƙa ita ke sayar da kaset. A Kaduna ma aka samu Wasila na Yakubu Lere a 2000. Daga nan makaɗin situdiyo ya zama mutumin da babu furodusan da zai iya tsallake shi. Hasali ma Adam A. Zango ta ƙofar kiɗan situdiyo ya shigo harkar, kafin a san fuskarsa a matsayin jarumi.

Fiyano ya yi rana, wannan babu musu. Aikin da a da sai an tara mutum goma, yaro ɗaya ya zauna a ɗaki ya gama shi kafin la'asar. Ɗan da bai gaji kiɗa ba ma ya samu hanyar shiga. To amma an yi asara biyu. Ta farko, karin waƙoƙi da yawa daga finafinan Indiya aka kwaso su, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya sha nunawa a rubuce-rubucensa. Ta biyu, an bar mabusa da makaɗan gargajiya a bakin ƙofa. Galibin sarewar da kike ji a finafinanmu babu bakin da ya busa ta, maɓalli aka danna.

Abin da ke cikin numfashi

Ki tuna hawan sallah. Wannan murya mai kaifi da ke ratsa ƙarar tambura da haniniyar dawaki ita ce algaita. Da itace ake sassaƙa ta a rufe da fata, tana da 'yan ƙofofin yatsu, a samanta kuma akwai ɗan kara mai harshe biyu wanda mabushi ke sakawa a baki. Sunanta daga Larabci ya samo asali, ta kuma iso mana ne ta hanyar Arewacin Afirka, ta zauna a fadojin ƙasar Hausa da Barno. Idan kin lura, kumatun mai algaita kullum a kumbure suke, kuma busar ba ta yankewa. Dalili shi ne yana tara iska a kumatu yana turawa, a daidai lokacin da yake shaƙar wata ta hanci. Wannan dabara kaɗai takan ci wa mai koyo watanni kafin ta zauna masa. Ita kuwa sarewa ta makiyaya ce, muryarta sanyi gare ta, mai gwaninta har yakan haɗa busa da gunjin maƙogwaro a lokaci guda.

Na'ura tana iya kwaikwayon waɗannan muryoyi, sai dai duk sanda aka danna maɓalli abu ɗaya take fitarwa. Mabushi kuwa yana iya sa sautin ya yi rawa, ya zame daga wannan murya zuwa waccan, ya shaƙe kamar mai shirin kuka. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma algaita tana bin wannan hawa da saukar har ta faɗi kirari, wanda ya san fada ya gane abin da ta ce. Fiyanon da aka ƙera a Japan bai san wannan ba.

Abin da muka raina, wani daga Amurka ya taso domin shi. Yusef Lateef Ba'amurke ne baƙar fata, wanda aka haifa a 1920 ya girma a birnin Detroit, ya kuma yi suna a duniya wajen busa saksafon da sarewar Turawa da wata 'yar'uwar algaita da ake kira obo. Yana da digirin digirgir a fannin ilmi tun 1975. Amma a 1981, yana ɗan shekara 60, ya tattara ya taho Zariya, ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello har zuwa 1985, yana binciken sarewar Fulani yana koyo daga masu ita. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kaɗe-kaɗe da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987. Bayan ya koma gida ya ci kyautar Grammy a 1988, ya kafa kamfaninsa na fitar da faifai a 1992 domin ayyukansa su zauna a hannunsa, ya koyar a jami'a, ya ci gaba da tsara kiɗa har ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Uwargida, idan mutum mai wannan matsayi ya ga sarewarmu ta isa a ƙetaro teku dominta, me zai sa ɗanki da ke da ita a bayan gida ya wuce ta?

Ɗan kokawar da ya zama sarkin sarewa

Idan kuma ana neman wanda ya haɗa sana'o'in biyu, busa da tsara kiɗan fim, ya kuma ci gajiyarsu har tsufa, to sai mu leƙa Indiya, ƙasar da finafinanta suka daɗe a gidajenmu. Idan kin taɓa kallon Hero na 1983, kin ga Jackie Shroff riƙe da sarewa. Shi riƙewa kawai ya yi. Mai busar shi ne Hariprasad Chaurasia.

An haife shi a Allahabad a 1938. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, mahaifinsa kuma ɗan kokawa ne wanda ya ƙudurta sai ɗansa ya gaje shi. Yaro ya riƙa zuwa filin kokawa don bin umarnin uba, yana koyon kiɗa a ɓoye. Ya yi shekara 8 a hannun malaminsa na sarewa, sannan a 1957 ya samu aiki a gidan rediyon gwamnati da ke Cuttack. Da aka mayar da shi Bombai, cibiyar finafinan Indiya, sai masu tsara kiɗan fim suka yi ta rububinsa, har daga baya ya ajiye aikin gwamnati ya koma zaman kansa.

A nan ne ya yi abin da ya bambanta shi da sauran. Yana cikin samun kuɗi da suna, sai ya je ya durƙusa a gaban wata malama mai suna Annapurna Devi, wadda daga cikin ɗakinta take koyarwa ba ta fita wasa. Ta daɗe tana ƙin karɓarsa. Da ta amince, sharaɗinta shi ne ya ajiye duk abin da ya sani ya faro daga tushe, shi kuma don ya nuna da gaske yake, ya sauya hannun da yake riƙe sarewa daga dama zuwa hagu. Bayan haka ya haɗa gwiwa da abokinsa Shivkumar Sharma, suka tsara kiɗan Silsila a 1981, da Chandni a 1989, da Lamhe a 1991, da Darr a 1993. Bai tsaya ga fim ba: ya zaga duniya yana busa, ya koyar a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, gwamnatin ƙasarsa ta ba shi ɗaya daga cikin manyan lambobin yabonta a 2000, ya kuma buɗe makarantun koyar da sarewa a 2006 da 2010. Wato bai tsaya da ƙafa ɗaya ba, bai kuma taɓa ɗaukar kansa ya gama karatu ba.

Ina kuɗin suke maƙalewa?

Yanzu mu dawo gida, mu zo kan maganar da ta fi shafar tukunyarki. A zamanin kaset da faifan sidi, al'adar ita ce a biya makaɗi sau ɗaya a sallame shi. Fim ya yi kasuwa ko bai yi ba, waƙa ta zaga gidajen biki shekara da shekaru, shi dai abin da ya karɓa a ranar farko shi ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Doka ba haka ta ce ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta tabbatar da cewa asalin haƙƙin kiɗa na wanda ya ƙirƙire shi ne tun daga lokacin da aka naɗa ko aka rubuta shi, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ki lura da wannan, uwargida: dukiya ce da ake gado, jikokinki ma suna da rabo a ciki. Dokar ta kuma ce sayar da wannan haƙƙi ɗungurungum ba ya tabbata sai a rubuce, sannan mai aiki yana da haƙƙin a ambaci sunansa. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, akwai kuma ƙungiyar MCSN da hukumar ta ba lasisin karɓar wa masu kiɗa kuɗin amfani da ayyukansu.

Kasuwar ma ta sauya, kuma idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Tashar Arewa24 da ta fara a 2014, da finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da suka fito a 2020, sun sa ana bukatar kiɗan bayan fage kowane mako. A YouTube kuma akwai na'urar da ke gane kiɗan da aka ɗauko na wani. Da ta kama, sai kuɗin tallan ya koma aljihun mai asalin kiɗan, ko a toshe bidiyon gaba ɗaya. Ke nan furodusan da a da yake kwasar na Indiya kyauta, yau ribarsa tana ga wanda zai ƙirƙiro masa sabo. A ɗaya gefen, manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun fara haɗa kiɗa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wanda iyakar iyawarsa danna maɓalli, shi wannan guguwa za ta fara ɗauka. Wanda ya iya busa da bakinsa, ya san take, ya san labari, yana da abin da zai sayar.

Saboda haka kowane aiki, komai ƙanƙantarsa, a sa shi a takarda: sunan fim, nawa za a biya da yaushe, sayarwa ce ko aro, ko an yarda a sake amfani da kiɗan a wani fim ko talla, yadda za a rubuta sunan mai shi, da kasonsa idan an ɗora a intanet. A sa hannu a gaban shaidu. Shi ma idan ya gayyato tsohon mabushi ya busa masa, ya biya shi haƙƙinsa ya rubuta sunansa, kada ya yi wa wani abin da yake kuka da shi.

Arzikin da ke ƙetaren kogi

Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka a tsakanin mazauna garin, abin da har yau ake jin ciwonsa. Duk da haka, unguwannin masaƙu ba su rabu da cakuɗuwarsu ba. Jirgin ƙasa da kamfanoni sun tara Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Idoma da Bayarabe da Ibo a wuri guda, kowa da irin kiɗansa. Da yawa daga cikin maƙwabtanmu Kirista a coci suke koyon karanta rubutun kiɗa da busa saksafon tun suna yara. Mutanen Kagoro kuma duk ranar 1 ga Janairu sukan yi bikin Afan, inda ake fito da ƙahonni da gangunan gargajiya. Ga mai tsara kiɗan fim wannan taska ce, domin kunnen da ya taso yana jin duk waɗannan ya fi na wanda abu ɗaya ya sani. Aikin situdiyo kuma yana daga cikin 'yan wuraren da yaron Makera da na Sabon Tasha suke zama a benci ɗaya don neman abinci.

Wuraren ƙaro ilmi ma ba su yi nisa ba. Zariya tafiyar kamar kilomita 80 ce, ga mabusan fadar Zazzau, ga sashen nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello. A Jos kuma akwai makarantar koyon aikin fim ta ƙasa.

Naki aikin, uwargida

Mun san abin da ke ranki. A al'adarmu kiɗa yana tafe da roƙo, kuma ba kowace uwa ce za ta so a kira ɗanta maroƙi ba. Malamanmu ma sun yi magana mai yawa a kan kiɗa da bushe-bushe, fahimtarsu kuma ta bambanta, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa. Wannan ba filin fatawa ba ne, shawara ce ta ke da maigida da malamin da kuka amince da shi. Idan gidanku ya tsaya a kan ba ya yi, to kada a tsaya ga hani kawai. Yaron da Allah ya ba kunne yana iya zama mai ɗaukar sauti a wurin shirya fim, ko mai tace murya a gidan rediyo, ko mai naɗar karatu da littattafan saurare, duk sana'o'i ne da ake nema. Hanin da babu madadi shi ke sa yaro ya koma yi a ɓoye, a hannun waɗanda ba ki sani ba.

Idan kuwa kun amince, to ki kafa sharuɗɗanki tun icce yana ɗanye. Makaranta ba za ta tsaya ba, ta boko da ta Islamiyya, domin wanda bai iya karanta yarjejeniya ba shi ake cuta. Ki san ubangidan da zai koya a wurinsa, ki aika a binciko halinsa, ki san lokacin tashi daga aiki, domin zaman dare a situdiyo yana iya haɗa yaro da abokan shaye-shaye. Ki matsa masa ya koyi abin busa ko na kaɗawa guda ɗaya da hannunsa a wurin masu shi, ba fiyano kaɗai ba. Ki sa shi ya riƙa adashi ko ajiya a watan samu saboda watan babu. Ki kuma ja masa kunne a kan kunnen nasa, domin sauti mai ƙarfi a na'urar saurare yana kashe ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Sannan ya san irin aikin da zai karɓa da wanda zai mayar, ko nawa aka ɗora a kai, saboda sunan gidanku yana tafe da nasa.

'Ya mace fa? Muryoyin mata irin su Fati Nijar sun daɗe suna ɗaukar finafinanmu, amma kujerar tsara kiɗa kusan duk maza ne a kai. A duniya ma sai a 1997 mace ta fara cin kyautar Oscar a wannan fanni, wato Rachel Portman 'yar Ingila. Yau da kwamfuta ƙarama da abin ɗaukar murya ana iya yin yawancin aikin daga cikin ɗaki, a aika ta waya, ba tare da an taka ƙofar situdiyo ba.

Sana'a ce kamar kowace, tana da masu mutunci tana da 'yan ci-da-ceto. Waɗanda suka daɗe a cikinta suka tsufa da rufin asiri, za ki tarar abu uku suka riƙe: gwanintar da na'ura ba ta da ita, neman ilmin da bai yanke ba, da takarda a kan kowane aiki. Idan ɗanki ya zo miki da maganar, ki tambaye shi wanne daga cikin ukun nan ya tanada. Amsar da ya ba ki ita za ta nuna miki ko sana'a yake nema ko suna.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa musu albarka a abin da za su ci. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.